Shelar Sakin Dabbobi

Rana ɗaya Maiwada da ƙaninsa Mamuda suka sayo dashen mangwaron, a kasuwar Hunkuyi, wajen mutum ɗaya. Kowa goma sha biyu, irin mai aure ɗin nan, wanda ake haɗa reshen wani a gindin wani, da ke fara 'ya'ya tun bai yi wani girma ba. A mota ɗaya suka ɗauko su zuwa ƙauyensu da ke yankin Janfalan, suka dasa a gonar da mahaifinsu ya bar musu, wadda layin gamba ya raba biyu, gabas ta Maiwada, yamma ta Mamuda. Maiwada yana yawan tuna wannan, don shi ya fi ci masa rai. Da ƙasar ce ta bambanta, ko irin, da ya sami abin ɗora wa laifi.

Damina uku ke nan. Na Mamuda goma sha ɗaya suna tsaye, sun kai kafaɗar mutum. Na Maiwada saura ɗaya.

Da damina ƙaramin itace ba shi da abin tsoro. Kowace akuya tana turke, shanu kuma an yi nisa da su saboda amfanin gona. Amma da zarar an gama yankan dawa, an kwashe wake, mai unguwa zai tashi bayan sallar Juma'a ya yi shela, ya sa ranar sakin dabbobi. Daga wannan rana har ruwa ya sake sauka, abin da akuyarka ta ci a gonar wani babu mai kai ka ƙara. Wanda yake da abin tsarewa, shi zai tsare kayansa. Kuma idan fili ya bushe, ganyen ƙaramin mangwaro shi kaɗai ne kore a idon dabba.

Ranin farko Maiwada ya zagaye nasa da karan dawa. Awaki suka fara da ganyen da ke jikin karan, gara ta ci gindinsa, shingen ya kwanta. Bakwai suka tafi. Rani na biyu ya saro ƙayar magarya ya jibga. Ta fi kara, amma da ta bushe sai masu neman makamashi suka riƙa zarewa kaɗan-kaɗan, shanu suka ture sauran. Huɗu suka bi bayan bakwai.

Shi Mamuda tubali ya buga. Ya gina wa kowane itace zagaye kamar bakin rijiya, har zuwa ƙugu, ya bar kafofi don iska ta shiga. Abin da ya leƙo sama da ginin kuma sai ya jiƙa kashin awaki a bokiti kwana uku, ya tace, ya riƙa yayyafa wa ganyen da tsintsiya. Wani tsoho ne ya koya masa a Makarfi, ya ce akuya ba ta sa baki a abin da ke warin kashinta. An sha dariya a majalisar gindin durumi. Maiwada ne ma ya fara cewa ƙaninsa ya yi wa itace ɗaki, saura ƙofa da katifa, kuma shi ya laƙaba masa Maginin Itace. Sunan ya bi Mamuda, dariyar ce ba ta daɗe ba. A rani na biyu malamin gona ya tsaya da babur ɗinsa ya ɗauki hoto da waya. Mutane suka fara zuwa tambayar yawan ruwan da ake zuba wa kashin. Wurin da tun rasuwar mahaifinsu ake kira gonar su Maiwada, yanzu in ana yi wa baƙo kwatance sai a ce ka wuce mangwaron Mamuda ka yi dama.

Sau biyu Mamuda ya ce, "Yaya, bari in buga maka tubalin nan." Sau biyu Maiwada ya ce Allah ke raya itace, ba laka ba. Hujjarsa kuwa ɗayan nan da ya rage, can ƙarshen gona bayan wani suri, da 'yar tsohuwar ƙaya a gindinsa. Awaki su zo su shinshina su wuce. Kullum yana nuna wa mutane shi, yana cewa ga nasa nan, ba ɗaki, ba wari, kuma yana raye. Yakan ga wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe a ganyensa da rani, ya ɗauka wata cutar ganye ce, bai bi ta kai ba.

Akwai kuma maganar Inna Mairama, mahaifiyarsu. Maiwada ɗan fari ne, don haka tunda ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ta kama dole sai ta ce mijin Bilki, ko wancan. Ba ta yabonsa, ba ta kallonsa ido da ido a gaban mutane. Ya san kunya ce, ya san haka kowace uwa ta kirki take yi da ɗanta na fari. Amma Mamuda auta ne, sunansa kuwa a bakinta kamar tasbihi. Mamuda ya ce, Mamuda ya yi, itatuwan Mamuda sun yi sabon toho. Mutum yana iya sanin dalilin abu sarai, abin kuma ya ci gaba da yi masa zafi shekara arba'in da biyar.

Tubalin laka ba ya jure damina. Duk shekara ruwa yana narkar da gine-ginen Mamuda, duk shekara yana sake bugawa da kaka. Bana ma ya buga, ya jera su a gefen gona suna bushewa. Sai aikin matsar rake ya samu a Nasarawan Doya, inda ake dafa mazarƙwaila, na mako uku. Ya duba ya ga har yanzu akwai dawar da ba a yanka ba, ya lissafa zai dawo kafin a saki dabbobi. Matarsa Farida tana Kudan wajen iyayenta tana wankan jego. Ranar da zai tafi ya sami Maiwada a zaure, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Yaya, ko da za a yi shela ba na nan, ka kira ni. Kwana biyu sun ishe ni in gama ginin. Wannan ranin kaɗai ya rage musu, baɗi sun fi ƙarfin akuya."

Maiwada ya ce ba komai, Allah ya kiyaye hanya.

Ruwa ya ɗauke da wuri bana, dawa ta bushe da wuri, masu dabbobi suka matsa don harawarsu ta fara ƙarewa. Juma'a ta biyu da tafiyar Mamuda, mai unguwa ya tashi ya ce ranar Litinin za a saki dabbobi, wanda bai kwashe ba ya kwashe. Ana fitowa daga masallaci Usmanu mai shayi ya dafa kafaɗar Maiwada, ya ce ya dai sanar da Maginin Itace ko, kada a cinye masa 'yan haya. Maiwada ya yi dariya ya ce ai dole. Duk wanda ya ji ya tafi da cewa an sanar, don wa zai riga babban wa kiran ƙaninsa?

A hanyar gida ya ciro wayar. Da caji, da kati. Ya nemo sunan, ya tsaya yana kallonsa a gindin wata tsamiya, sannan ya mayar aljihu. Ya ce bari ya ci abinci tukuna.

Ba wai ya yanke shawarar kada ya kira ba ne. In da wani ya ce masa ya je ya karya itatuwan da hannunsa, da sun yi faɗa. Abin da ya riƙa juyawa a ransa shi ne, ba shi ya sa ranar ba. Ba shi ya tura Mamuda Nasarawan Doya ba. Ba zai kora akuya ko ɗaya zuwa gonar ba. Idan mutum ya zauna a gidansa bai ɗaga hannu ba, me ya aikata? Nasa goma sha ɗaya da suka mutu, wa aka tuhuma? Ya yi tunanin ya tambayi liman, a matsayin labarin wani mutum a wani gari, ko barin abu ɗaya yake da aikata shi. Bai je ba, don ya san liman zai fara da tambayar ko mutumin ya ɗauki alkawari. Can ƙasan duk wannan lissafi kuma akwai wani hoto da yake ta leƙowa yana korarsa: gonar nan fili fetal, gabas da yamma iri ɗaya, sai itace guda ɗaya kore a bayan suri.

Ranar Asabar Inna ta aiko Bilki, matarsa, ta ce ta tambayi mijinta ko ya sami Mamuda. Maiwada yana gyaran ƙotar fartanya, bai ɗago ba, ya ce a ce mata yana ta nema, layin ba ya shiga. Sai da Bilki ta fita ya lura cewa har zuwa lokacin shiru kawai ya yi, yanzu kuwa ya yi ƙarya. Ya ga kuma ƙaryar ta ƙara ɗaure shi, don in ya kira yanzu layin ya shiga, sai an tambayi me ya hana shi shiga jiya.

Litinin da hantsi aka kwance turaka. Awaki da tumaki suka fito daga kowane lungu suna tsalle kamar waɗanda aka sallama daga kurkuku, suka bazu cikin gonaki. Maiwada bai je ko'ina ba. Ya san kwana ɗaya ko biyu na farko za su tsaya kan ragowar ganyen wake da zangarniyar da ta zube. Talata ma ya yini a zaure yana saƙar igiyar da ba ya bukata. Laraba ya kasa haƙuri, ya ce wa Bilki zai je duba tarin karansa.

Tun daga nesa ya hango kawunan itatuwan, kore, sun fi yawan da ya zata. Bai tsaya tantance ko sauƙi ya ji ko takaici ba. Da ya matso sai ya ga dalili. Inna ce zaune a kan jerin tubalin Mamuda, ta rufa zane a ka saboda rana, doguwar sanda a hannunta, tarin tsakuwa a gabanta. Tsohuwar da gwiwa ta hana ta zuwa biki a unguwar da ke maƙwabtaka. Duk akuyar da ta doso sai ta jefe ta, in ta ƙi sai ta dogara sandar ta tashi. Takwas da ke kusa da ita ba abin da ya taɓa su. Biyu na can ƙarshen layi an tsige su tas, an ɓare ɓawon, na uku kuma saniya ta goga jiki ta karya shi daga tsakiya.

Bai gaishe ta ba tukuna. Ya tsallaka gamba da sauri ya zagaya bayan suri.

Babu ganye ko ɗaya. Ɓawon an ɓare shi zagaye tun daga wajen auren har sama, itacen ya fito fari kamar ƙashi. Ƙayar tana gefe a ture. Wata jar akuya tana tsaye tana tauna, tana kallonsa. Rani biyu awaki suna shinshina itacen nan suna wucewa, ya rasa me ya canza.

Ya dawo ya durƙusa a gefen Inna ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon wani wuri. Ya so ya yi shiru, abin ya fi ƙarfinsa.

"Inna, nawa ɗaya ne tak. Kwana uku kina nan, ko sau ɗaya ba ki leƙa shi ba?"

Ta ɗauki tsakuwa ta jefi wata tunkiya. Da ta yi magana, ba shi ta fuskanta ba, kamar da tunkiyar take.

"Ƙafa biyu gare ni, ɗayar ma aro ce. Wancan na bayan suri ai ba sanda ke tsaronsa ba. Mamuda ke yayyafa masa, rani biyu, duk ranar da ya yi wa nasa. Ni na sa shi, na ce kada ya faɗa, don na san mai itacen ba zai yarda ba." Ta nuna wani bokiti da ke rufe da buhu a bayanta. "Na jiƙa tun Litinin, da na ga layin ya ƙi shiga. Yau ya nuna. Da ya kai yamma da na roƙi wani ya kai masa."

Maiwada ya zauna a ƙasa. Mutum zai zaci jin wannan zai sanyaya masa zuciya, tunda ga shi uwar da yake ganin ta mance da shi ita ke bin bayan itacensa a ɓoye. Hakan ya zo, amma daga baya, kuma kaɗan. Abin da ya fara zuwa shi ne lissafi. Ashe goma sha biyu Mamuda ya raya, shi ko ɗaya. Ashe duk lokacin da yake tsaye a majalisa yana cewa ba ɗaki, ba wari, Mamuda yana zaune yana ji, ya san ɗigon da ke jikin ganyen daga tsintsiyarsa yake, bai ce uffan ba. Ya ji yana kishin har wannan shirun. Kuma da bakinsa ya hana mai yayyafin dawowa.

Ya ciro wayar a gabanta. Bugu ɗaya ta shiga.

Ya ce an saki dabbobi. Mamuda ya tambayi yaushe. Ya ce Litinin. Maiwada ya riƙa jin ƙarar injin matsar rake ta cikin wayar. Sannan Mamuda ya ce ga shi nan, sai dai ba zai sami mai karɓarsa a bakin wuta ba sai da safe.

Inna ta sauka daga kan tubalin, don ta ga Maiwada ya fara ɗiba. Bai taɓa tsayawa ya kalli yadda ake ginin ba, ya ishe shi ya yi masa dariya daga nesa. Na farko ya jera tubalin a manne, ba kafa. Inna ta gaya wa sandarta cewa itace ma yana numfashi, wanda aka toshe zai dahu a ciki. Ya rushe ya sake. Ya ɗebo laka daga kududdufi ya riƙa ɗaure layin sama. Ya tace ruwan bokitin da tsumma, warin ya bugi hancinsa har idonsa ya kawo ruwa, ya yayyafa wa takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar ya gama uku. Masu wucewa suna yi masa sannu, wani ya ce haka ake son babban wa, kowace sannu kuwa tana sauka a kansa kamar duka.

Alhamis da hantsi ɗan acaɓa ya sauke Mamuda a bakin gona, rigarsa duk danƙon rake. Maiwada yana kan gini na biyar. Usmanu mai shayi da wasu mutum biyu suna tsaye suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Mamuda ya gaida Inna, ya gaida wansa, ya bi layin yana taɓa ganye. A wajen ukun ƙarshe ya daɗe a tsugune. Usmanu ya ɗaga murya ya tambaye shi me ya riƙe shi, ai tun Juma'a ake nemansa.

Mamuda ya miƙe yana karkaɗe hannu. Ya ce can wajen rake sabis sai a hankali, ya ji Yaya ya yi ta nema.

Ga hanya an buɗe wa Maiwada, ba abin da ake bukata daga gare shi sai ya ci gaba da jera tubali. Ya ci gaba ɗin, har su Usmanu suka tafi, har Inna ta dogara sandarta ta nufi gida a karon farko cikin kwana huɗu da rana a sama. Ya san faɗar gaskiya bayan shaidu sun watse ba wata jarumta ba ce. Iyakar abin da ya iya ke nan.

"Ban kira ba," in ji shi.

"Na sani, Yaya. Kullum Farida tana samuna." Mamuda yana kwaɓa laka, bai daina ba. "Me na yi maka?"

Maiwada ya nemi laifi ɗaya da zai ambata. Ya duba shekara uku, ya duba har yarintarsu, bai samu ba.

"Sun yi kyau da yawa," ya ce.

Mamuda ya ɗago ya dube shi, irin kallon da bai taɓa yi masa ba. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce uku ne, kuma rani ɗaya ya rage musu. Daga nan suka yi aiki ba magana har suka gama na takwas.

Da za su tashi Mamuda ya tsallaka gamba shi kaɗai ya je bayan suri. Maiwada ya bi shi. Mamuda ya tona gindin da yatsa, ya kankare da farce, ya ce ƙasa da wajen auren akwai sauran ɗanyen ɓawo. In an tsare shi zai iya tohowa, amma abin da zai fito ɗan gida ne, mai zare, sai an sake yi masa aure da reshen mai kyau. Bai faɗi inda za a samo reshen ba. Duk yankin babu inda ake da shi sai a yammacin gamba.

Da can, a nan ne Mamuda zai ce, Yaya, bari in gina maka. Maiwada ya jira. Mamuda ya goge yatsansa a riga yana kallon awakin da ke kiwo a nesa.

A gefen gona akwai ragowar tubali, na itace uku da yanzu ba su da abin zagayewa. Maiwada ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya juya wajen Mamuda.

"Ka ba ni na guda ɗaya."

"Ɗauki," in ji Mamuda, ya saɓi bokitinsa ya kama hanyar gida.

Tubali hamsin da wani abu ne, daga yamma zuwa bayan suri, bibbiyu. Duk sawun da ya yi sai ya ratsa ta tsakanin takwas ɗin, sababbin ɗakunansu na laka da hannunsa ya gina, kawunansu kore shar suna kaɗawa a sama. Ya gwada sunkuyar da kai don kada ya gani, sai ya riƙa tuntuɓe. Dole ya ɗago. Har yanzu suna da kyau, har yanzu abin yana sukarsa, ya ci gaba da jido. Jar akuyar nan ta dawo ta tsaya a kan surin tana jiran ya gaji.